Na gama MBA, Kawu ya ce shi ma CFA ya fito yi

Ranar wata Litinin ce bayan la'asar, kasuwa ta fara watsewa, muna zaune ni da Kawu a bakin mangaza ana loda wa wata babbar mota buhunan aya. Ƙurar aya kam sai wanda ya sani: ta shiga hanci, ta shiga shayi, ta shiga cikin kwamfutar da na ɗora bisa cinya. Na daɗe ina juya wata magana a raina, ranar dai na ce bari in fito da ita.

"Kawu, ina son in ƙaro karatu."

Bai ɗago daga littafinsa ba. "Wanda ka ƙare bara fa? Wanda muka yanka wa rago?"

"Wancan MBA ne, digirin gudanar da kasuwanci. Yanzu ina tunanin in yi CFA, takardar masu nazarin hannun jari."

Sai ya ajiye biro, ya dube ni ta saman tabarau. "Mushe, duk mutanen da kake gani cikin kasuwar nan, tun daga mai amalanke har ni, CFA muka fito yi. Ashe har lakwal gare shi?"

Masu dako suka yi ta dariya har ɗaya ya kusa sakin buhu, don CFA ɗin da suka sani shi ne sefa, kuɗinmu. Ni ma na dara, amma ta ciki na ciki, don lokacin ina ji da kaina. Shekara biyu na yi ina zirga-zirga tsakanin Maradi da Kano, ta Ɗan Isa da Jibiya da Katsina, in tafi Alhamis in dawo Lahadi da dare da ciwon baya, kafin in samo takardar nan. Duk wanda ya taso da Faransanci tun daga ajin farko, ya je ya zauna inda ake zuba Ingilishi ba birki, ya san wuyar da nake faɗi. Da na dawo sai na ga takardar ta shiga firam, ta hau bango, ni kuma na koma kan kujerar da na bari, ina rubuta faktir ina ƙirga buhu. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne: to ai sai in ƙara hawa. Na ɗauka karatu tsani ne, in ka taka wannan sai na sama da shi.

MBA kamar zagayen babbar kasuwa ne ranar Juma'a. Ka leƙa rumfar lissafin kuɗi, ka leƙa ta tallata haja, ka ɗan tsaya wajen masu kula da ma'aikata, ka ɗanɗana dokar kasuwanci, ka fito ka san inda komai yake, amma ba rumfar da za a bar maka ka tsare. Ba aibu ba ne, don haka aka yi shi. Aibun na wanda ya fito yana zaton abin da ya rage masa shi ne wani suna mafi tsawo a gaban sunansa. Ni ne wannan mutumin, kuma na biya kuɗin wautata, bari in fara da nan.

Wani dare talla ta shigo mini ta WhatsApp. Hoton wani mutum cikin jar alkyabba da hula mai tuntu, ƙarƙashinsa an rubuta cewa cikin wata 18 za ka zama dakta a harkar kasuwanci, daga ɗakinka, ba sai ka bar aikinka ba. DBA suke kiran digirin. Makarantar ta ce tana da mazauni a Turai. Na cika takarda, washegari wata mata mai zaƙin murya ta kira ni tana ce mini "dakta na gobe". Wallahi sunan ya shige ni. Na riƙa jin yadda za a kira shi a wurin ɗaurin aure. Suka ce in ba da kafin alƙalami Yuro 600 don a riƙe mini gurbi, wai ragin zai ƙare ranar Juma'a. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, ba ya motsi, ka ga kusan jika 400 ke nan. Na cire daga kuɗin da muke tarawa ni da uwargida don sa sola a gida, na tura.

Bayan mako biyu na haɗu da wani abokina da ke koyarwa a jami'a, muna cin tsire a unguwar Zariya, na ba shi labari ina washe baki. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "Wa ya san da ita?" Na ce wa fa? Ya ce makarantar. Daren nan muka zauna da wayarsa muka bi jerin digirorin da CAMES, hukumar kula da ilimin jami'a ta ƙasashenmu, ta amince da su, ba ta ciki. Muka duba manyan ƙungiyoyin nan uku da ke tantance makarantun kasuwanci a duniya, AACSB da EQUIS da AMBA, ko ɗaya ba ta san da zamanta ba. Shi ya fahimtar da ni abin da ban sani ba: a Faransa kanta DBA ba digirin gwamnati ba ne, takarda ce ta makarantar da ta ba ka, darajarta darajar makarantar ce kurum. Doktora ta gwamnati dabam take. Na rubuta musu ina neman kuɗina, mai zaƙin muryar nan ta daina ɗaukar waya. Uwargida ba ta yi faɗa ba, sai dai har yau in wuta ta ɗauke cikin zafin Afrilu takan ce, "Dakta, miƙo mini mafici."

Kada in yi wa DBA kuɗin goro. Akwai na ƙwarai, a makarantun da aka tantance, inda mutum zai yi shekara uku zuwa huɗu yana bincike kan wata matsala ta aikinsa, da malami mai duba shi, ya kare kundinsa gaban masana. Kuɗin irin wannan kuwa Yuro dubbai ne masu yawa, kuma an yi shi ne don wanda ya riga ya daɗe yana jan ragamar babban kamfani ko yana ba kamfanoni shawara. Wanda ya ce maka wata 18 ba bincike, riga da hula yake sayar maka.

Ita kuwa doktora ta gaskiya, wadda a Najeriya ake ce wa digirin digirgir, sana'a ce ta koyarwa da bincike ake shiga, ba ado ba. A tsarin da jami'o'inmu ke bi, lisans shekara 3 ce bayan bak, mastar ta kai ka 5, doktora ta kai ka 8 in komai ya tafi daidai, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Mai MBA yakan ci karo da wani shinge tun a bakin ƙofa: digirinsa na aiki ne, su kuma makarantun doktora mastar ta bincike suka fi nema. A Najeriya ma haka ne, jami'o'i da yawa sai ka koma ka yi mastar ta ilimi zalla kafin su karɓe ka. Bayan an gama kuma ba a gama ba, don hawa muƙaman koyarwa a hannun CAMES yake, hukumar nan da aka yanke shawarar kafawa a Yamai a 1968, take da mazauni a Wagadugu. Malaman shari'a da tattalin arziki da gudanarwa har gasa suke shiga, duk shekara biyu, kafin su haye. Abokina yana kan wannan hanya, kuma ta dace da shi: mutum ne da zai iya kwana kan tambaya ɗaya. Jami'armu ta Ɗan Dikko Ɗankulodo ta fi ƙarfi a kimiyya da noma da likitanci, don haka mai son doktora a gudanar da kasuwanci sai ya dubi Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ko Tawa inda ake da tsangayar shari'a da tattalin arziki da gudanarwa, ko ya ƙetare.

Abin da ke ci mini rai a nan shi ne, abin binciken a ƙofar gidanmu yake, wasu ke zuwa su ɗauka. Wani Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya zauna garin nan ya yi nazarin alhazan Maradi, littafinsa ya fito a 1986, har yau shi ake ambata in ana maganar yadda uban gida ke tara yara da barori, abin da mu muke kira arzikin mutane. Asusun Mata Masu Dubara a jihar nan ya fara a 1991 tare da ƙungiyar CARE, yanzu ƙasashe da dama na Afirka da Asiya sun kwaikwaya. Ni kuma na je Kano na kwashe shekara biyu ina nazarin yadda kamfanonin Amurka ke sayar da kofi. In da wani ƙanena zai yi doktora, roƙona gare shi ya rubuta yadda buhun aya ke tashi daga Cadawa ya isa Sifen, inda ake yin wani abin sha da ita, da wanda ke cin riba a kowane zango.

Shi CFA ɗin da na kai wa Kawu, da na zauna na karanta sharuɗɗansa da idon basira, da kaina na janye. Takardar ƙwarewa ce ta masu nazarin hannun jari, wata cibiya a Amurka ke bayarwa. Mataki uku ne, kowanne ana ƙiyasta masa karatun awa 300, jarrabawar da Ingilishi, kuma sai ka je irin su Abuja ko Legas ka zauna. Kowane mataki ya haura dala 1,000, dalar Amurka fa, ba tamu ta sefa biyar ba, wato sama da rabin miliyan. Ko ka cinye duka ukun ba za a ba ka lambar ba sai ka nuna awa 4,000 na aiki a harkar zuba jari, cikin aƙalla wata 36. A ina zan samo su? Kasuwar hannun jarin yankinmu tana Abijan. Wanda ke son zama can, ko Dakar, ko Legas, ko wani babban banki a Yamai, to bismilla, takarda ce mai nauyi. Mai zama bakin mangaza a Maradi, Kawu ya fi shi gaskiya.

PMP ma na leƙa, takardar masu jagorantar ayyuka, don abokaina masu aikin furoje duk ita suke bi. Ba ta da tsawo: horon awa 35, shaidar ka jagoranci ayyuka na wata 36, tambaya 180, ana iya yin ta da Faransanci, kuma duk shekara uku sai ka sabunta. Ga mai neman aiki a ƙungiyoyin agaji ko kamfanin gine-gine kwalliya na biyan kuɗin sabulu. Ni ba can na dosa ba.

Wadda ta fi ni hankali a gidanmu ƙanwata ce. Ita lissafin kuɗi ta karanta a Yamai, kuma tun farko ta san abin da take so: sa hannu. Akwai takardun da ke ƙara maka suna, akwai wadda ke ba ka ikon yin abin da doka ta hana wa sauran mutane. A ƙasashen UEMOA, wato na yankinmu masu amfani da sefa, babbar takardar ƙwararren kwantabul ita ce DECOFI. Hanyarta doguwa ce: ka ci jarrabawar DESCOGEF, ka yi shekara uku kana koyon aiki ƙarƙashin wani ƙwararre, sannan jarrabawar ƙarshe da kundi. Cibiyar CESAG ta Dakar, wadda ke ƙarƙashin babban bankinmu BCEAO, tana cikin wuraren da aka fi sani da shirya ɗalibai. In ka gama ka shiga rajistar ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun kwantabul ta ƙasa, to sa hannunka ne ke tabbatar da lissafin kamfani gaban banki da ma'aikatar haraji. Mai MBA ko goma gare shi ba ya da wannan iko.

Kuma aikin yana nan jibge. Tun 1 ga Janairu 2018 sabon tsarin lissafi na OHADA, ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka, ya fara aiki a ƙasashe 17 har da Nijar. A ƙarƙashinsa ɗan kasuwar da cinikinsa na shekara bai kai miliyan 60 ba an yarda ya riƙe ɗan sauƙaƙan littafin shiga da fita. Wanda ya haura, cikakken lissafi ake nema gare shi. Miliyan 60 kuwa, a Maradi, wani alhajin cikin mako guda na kaka yake juya ta, lissafin kuma na cikin kansa da wani littafi mai baƙin bango da ba mai iya karantawa sai shi. Ranar da ya faɗi, ƴaƴa su yi ta neman wa ake bi, wa ke bi. Mun ga gidaje nawa da suka watse a haka? Wanda ya fi karkata ga Najeriya yana iya bin ICAN, da aka kafa a 1965, ko ACCA ta Ingila mai jarrabawa 13, ana yafe wa mai digiri wasu daga ciki. Suna da daraja sosai, amma mai son buɗe buro a nan gida ya fara tambayar ONECCA matsayin takardar kafin ya zuba kuɗinsa. Ni na koyi wannan tambaya da jika 400.

To ni fa? Amsar tana bayana duk tsawon lokacin nan, ina jingine da ƙofarta.

Mangazar Kawu ba ta taɓa cika ba. Kowace kaka, lokacin da aya da riɗi da wake ke da araha, jarinsa kan ƙare ana tsakiyar ɗaki. Sauran rabin sai ɓeraye da iska. Zuwa bazara farashi ya tashi, mu yi ta cizon yatsa. Da na dawo daga Kano abin da na fara yi ke nan: na zauna na tsara lissafi a kwamfuta, na nuna masa cewa in muka karɓi bashin banki na wata shida muka cika ɗakin, ko an cire kuɗin ruwa da na magani da na dako, riba za ta fito fes. Na yi masa zane mai launi-launi. Ya saurara har ƙarshe, don Kawu ba ya katse mutum.

"Ruwan nawa ne?"

Na faɗa masa.

"Ko dala ɗaya ce, ɗana, ba ta shiga cikin dukiyata. Na kusa saba'in. Da wane ido zan je da ita?"

Na ce, "Kawu, ku duba dai, kowa haka yake yi."

"Kowa kabarinsa dabam."

Magana ta mutu a nan. Na yi fushi na kwana biyu, ina cewa a raina tsohon nan ya ƙi ci gaba. Daga baya ne na gane cewa ba shi ne ya gaza ba, karatuna ne bai kai ba. Duk darasin kuɗi da aka koya mana, ruwa ne ginshiƙinsa. Da shi ake auna darajar kuɗin gobe a yau, da shi ake auna ko jari ya cancanci a zuba, da shi ake kwatanta bashi da hannun jari. Ka zare shi, rumfar ta faɗi. Ga shi ina zaune a garin da manyan masu kuɗinsa da yawa ra'ayinsu ɗaya da na Kawu, wasu ko ajiya ba sa son yi a banki, kuma ba a koya mini kalma ɗaya da zan yi musu magana da ita ba. Shekara biyu na koyi yaren da abokan cinikina ba sa ji.

Sai na fara tambaya. Ashe abin ba sabo ba ne. Yadda Kawu ke ba yaransa jari su shiga ƙauye sayen kaya, in an sayar a raba riba, in an faɗi ba da sakaci ba asarar kuɗin tasa ce, yaron kuma ya yi asarar wahalarsa, wannan shi ne ƙiradi a littattafan Malikiyya, bankunan Musulunci na ce masa mudaraba. Ya shekara arba'in yana yi. Abin da zai cika mangaza kuwa sunansa murabaha: banki ya sayi ayar da kuɗinsa, ta zama tasa, haɗarinta na wuyansa, sannan ya sayar maka da ita bisa ribar da aka faɗa a fili, ka biya nan da wata kaza. Farashin ba ya ƙaruwa don ka makara. In an ɗora tara, sadaka ake yi da ita, ba ta shiga aljihun banki. A nan fa gizo ke saƙa. In bankin bai mallaki kayan ba, ya miƙo maka kuɗi kawai ya kira ruwan da suna riba, an sauya wa tuwo suna ne. Kuma Kawu, da bai yi lakwal ba, cikin minti biyu zai gano. Aikin mai ilimin wannan fanni shi ne ya karanta yarjejeniya ya san wacce ce ta gaskiya.

Hanya kuma a buɗe take ta fuskar doka. A watan Maris na 2018 BCEAO ta fitar da ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, na bankuna da na ƙananan asusun lamuni, har ta ba bankunan da muka saba da su damar buɗe reshe na musamman. Muna da Bankin Musulunci na Nijar tun tuni. A Najeriya Jaiz ya fara aiki a 2012. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutanen da suka san ɓangarorin biyu: malamanmu sun san fiƙihu ba su san takardun banki ba, ƴan boko mun san takardun ba mu san fiƙihu ba. Sai a zauna taro kowa na kallon ɗan'uwansa kamar an haɗa kurma da makaho.

Wuraren karatun da na tantance ba su da yawa. Jami'ar Bayero ta Kano tana da cibiya sukutum ta nazarin banki da kuɗi na Musulunci, ana yin difloma da mastar. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain, wadda tun 1991 take tsara ma'aunan wannan harka, tana da jarrabawowi, akwai CIPA ta masu lissafi, akwai ta masu duba dacewa da shari'a, ana karatu daga gida. Akwai INCEIF a Malesiya, da babban bankin ƙasar ya kafa a 2005, amma mai mata da ƴaƴa huɗu ba ya fara wannan mafarkin. Kano ta fi mini kusa da aljihu da zuciya, sai dai iyaka ba ta da tabbas. Mun ga rufewar Agustan 2019, mun ga ta bayan Yulin 2023 da ta kai har Maris na 2024. Wanda aka rufe yana tsakiyar zangon karatu ya san yadda hanyar daji take a bayan kabu-kabu. Layin dogon nan na kilomita 284 daga Kano zuwa Maradi, da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ranar da jirgi ya fara busa a garin nan ɗalibai za su riga ƴan kasuwa murna.

Da na kai wa Kawu wannan shawara, na zaci zai yi tsalle. Sai ya ce, "Kafin ka kai wa Kanawa kuɗi, ka je zaure tukuna." Ya haɗa ni da malaminsa a Limanci. Wata bakwai ke nan, kullum bayan asuba, ina zaune bisa tabarma tsakanin wani tela da wani yaro mai sayar da katin waya, muna bin babin ciniki na Risala layi-layi. Ranar farko na je da kwamfuta. Ban sake ba. Da dare kuma, in intanet ta yarda, ina bin wani kwas na sarrafa kaya da sufuri da jami'ar MIT ke bayarwa ta edX, don in san lissafin ajiya da asarar da ƙwari ke yi. Wannan kam ko ba takarda ya biya ni.

A zauren ne na ci karo da salam, cinikin da ake biyan kuɗi yau a kawo kaya daga baya, kuma shi ne ya fi taɓa ni, saboda abin da nake gani a ƙauyuka. Cikin Agusta, rumbu ya ƙare, sabon hatsi bai nuna ba, manomi ya karɓi kuɗi hannun ɗan kasuwa a kan zai biya da amfanin gona. Ba a faɗi awo ba, ba a faɗi rana ba, in kaka ta yi mai kuɗi ya zo ya yanka farashin da ya ga dama. Ba banza ba ake kiran abin a ci ba daɗi. Shari'a ba ta hana sayen abin da bai zo ba ta wannan fuska, amma ta ɗaure shi tamau: a biya kuɗin duka tun farko, Malikiyya sun yi rangwamen kwana uku kacal, a faɗi irin kayan da siffarsa, a faɗi awo, a faɗi ranar kawowa, kada a ce sai na gona kaza, don gonar na iya ƙin yi. Kuma tun da abinci ne, ba ka sayar wa wani sai ya shigo hannunka. Manomi ya san abin da ke kansa, mai saye ya san abin da zai samu, farashi an gama shi tun ido na ganin ido.

Bana muka gwada, da manoma goma sha biyu na wani ƙauye kusa da Cadawa da Kawu ya daɗe yana hulɗa da iyayensu. Ni na rubuta yarjejeniyar, shafi ɗaya, da boko a sama da ajami a ƙasa. Don in nuna gwaninta sai na sa cewa za a auna da wata tiya tamu, har na shafa mata jan fenti na rataye ta a ƙusa cikin mangaza, kowa ya gani. Na kai wa Malam ya duba. Ya karanta, ya kai wurin, ya tsaya.

"In tiyar nan ta ɓata kafin kaka fa? Ko wani yaro ya taka ta ta lotse?"

Na yi shiru.

"Ba a ɗaura salam a kan kwano ɗaya. Ka sa awon da duk kasuwa ta sani."

Muka goge, muka sa kilo, da sikelin da kowa ya yarda da shi, aya babba, busasshiya, tankaɗaɗɗiya ba ƙasa, a kawo ta bakin mangaza kafin ƙarshen Disamba. Aka biya su a zaune, gaban mai gari da shaidu biyu, kowa ya dangwala yatsa. Wani dattijo cikinsu ya riƙe takardarsa ya juya ta gaba da baya, ya ce shekara talatin yana karɓar kuɗin damina, bai taɓa sanin nawa ake binsa ba sai yau.

A hanyar dawowa, mun wuce Cadawa ke nan, Kawu na gaba ni ina tuƙi, ya ce, "Lakwal ɗin nan ta Kano, nawa ce? Ka faɗa mini da sefa, ban son lissafin naira."

Na faɗa masa, har da kuɗin mota da na masauki.

Ya ɗan yi shiru yana jan carbi. "In ayar nan ta shigo cikakkiya, rabi na wuyana. Sauran rabin ka nemo. Kuma ka fara sa wa matarka solarta."

Takardun neman shiga suna cikin jakata, na cike su, saura hoto biyu. Tiyar mai jan fenti tana nan rataye a ƙusa, masu dako sun mai da ita abin shan ruwa.